Silinda ɗaya ta ba da 58 cikin 80: a cire ta ne?

Tambaya: An yi wa injin Lycoming O-320 na jirgin samanmu gwajin matsi. Silinda uku sun ba da 76, 74 da 75 cikin 80, ta huɗu kuwa 58. Bakanike ya ce a sauke ta. Ya yi daidai?

Amsa: Malam, kada a kwance ko ƙusa ɗaya tukuna. Ana tura iska mai matsin psi 80 ne (psi ma'aunin matsin iska ne) ta ramin fulogi, fistan yana can ƙololuwa, bawul biyu a rufe, geji na farko yana nuna 80 ɗin da ake turawa, sai geji na biyu ya nuna abin da silinda ta iya riƙewa. Kamfanin Lycoming, mai ƙera injin, na ɗaukar 70 zuwa sama lafiya, ƙasa da 65 abin sa ido, ƙasa da 60 kuma a fara tunanin cirewa. To amma gwajin nan yana da ruɗi. Inji mai sanyi yakan ba da lamba ƙasa, haka ma idan fistan ya ɗan kauce wa ƙololuwa, ko gibin zobbansa suka yi layi ɗaya, ko ɗan gawayi ya maƙale a bakin bawul. A tashi injin ya yi zafi sosai, a sake aunawa. Sau da yawa 58 kan koma 70.

Idan ta tsaya a nan, sai a kasa kunne, don inda iskar ke fita ya fi lambar muhimmanci. Huci daga salansa, bawul ɗin hayaƙi ne. Daga kafireta, bawul ɗin shigar iska. Daga bakin zuba man inji ko bututun numfashi, zobba ne, kuma wannan da sauƙi: muddin injin ba ya shan mai fiye da kima, fulogi ba ya jiƙewa, ana iya ci gaba da tashi a sake dubawa bayan awoyi kaɗan. A shafa ruwan sabulu a kan silindar ma. Kumfa a can tsagewa ce, babu batun jira.

Bawul ɗin hayaƙi ne abin tsoro. A zura kyamarar leƙen ciki ta ramin fulogi. Lafiyayyen bawul launinsa zagaye yake daidai, ja-ja ko ruwan ƙasa, kamar an zana da gangan. Idan launin ya karkata gefe guda, ga wani kore-kore a baki kamar jinjirin wata, wurin yana ƙonewa, kuma zai iya gutsurewa a sama. Irin wannan a cire, ko da geji ya nuna 70.

Mai injin kamfanin Continental kada ya ɗauki 60 ɗin nan. Su iyakarsu ana samo ta ne ranar gwaji da ramin awo na musamman, galibi tana faɗawa arba'in da wani abu.

Lokacin gwaji a kashe magneto, wato na'urar da ke ba fulogi wuta, mutum ɗaya ya riƙe farfela gam, kowa ya fita daga hanyarta. Psi 80 na iya juya ta da ƙarfin da zai karya hannu.