Tambaya da Amsa: Ina iyakar sharhin fim, ina zagi ya fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Daura, kusan shekara guda ke nan ina rubuta ra'ayina a Facebook kan finafinan Hausa, musamman masu dogon zango. Kwanan baya na rubuta cewa wani fim ya fara gundura, sai masoyan jarumin suka yi mini ca, wasu suka ce hassada ce, wasu suka ce in je in yi nawa a gani. Bayan kwana biyu kuma wani ya kira ni ya ce zai riƙa sa mini data idan zan riƙa yabon finafinansu. Mene ne bambancin sharhi da zagi? Kuma ba fim maki, kamar 7 cikin 10, yana da wani amfani?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Zan fara da abin da wataƙila ba zai yi maka daɗi ba. "Fim ɗin ya fara gundura" ba zagi ba ne, amma bai kai sharhi ba tukuna. Abin da ka ji a ranka ka faɗa, su ma masoyan suka faɗi abin da suka ji a nasu ran, shi ya sa aka tashi babu wanda ya ƙaru. Da ka rubuta cewa a kashi na 14, daga minti na 9 zuwa na 21, uwa da 'yarta suna zaune a falo suna maimaita maganar auren da aka riga aka gama a kashi na 13, babu sabon labari, babu wanda ya sauya ra'ayi, to da ka ajiye musu abin da kowa zai iya buɗe wayarsa ya duba. Mai son musu sai ya yi musu da minti 12 ɗin, kai kana gefe. Duk hukuncin da za ka yanke wa fim, ka nemo masa shaida daga cikin fim ɗin, ka faɗi inda take.

Kuma ka san dalilin jan labarin. Tun da kasuwar faifai ta mutu, yawancin masu shirya fim suka koma YouTube da tashoshi irin Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. A YouTube kuɗi na zuwa ne ta talla, kuma bidiyon da ya kai minti 8 ana iya cusa masa talla a tsakiya. Ga shi an yi wa masu kallo alkawarin sabon kashi duk mako. Labarin da zai ƙare a kashi 10 sai a miƙe shi ya kai 40. Sanin wannan ba zai hana ka faɗin gaskiya ba, sai dai zai hana ka ɗora wa jarumi laifin da na marubuci da furodusa ne.

Ka riƙa kallon fim sau biyu kafin ka rubuta. Na farko ka kalla kamar kowa, ka bari ya ba ka dariya ko haushi. Na biyu da biro da takarda. A nan za ka lura da sauti, wato ko ƙarar janareta na shigowa idan kyamara na kan mijin, ta ɓace idan ta koma kan matar, ko kiɗa ya danne magana a wurin da maganar ta fi komai muhimmanci. Za ka lura da kwantiniti, wato daidaituwar kaya da yanayi daga wannan hoto zuwa na gaba: ya fita daga ɗaki da hula zanna, ya iso ƙofar gida da wata daban. Akwai ma wata ƙa'ida ta ɗaukar hoto da ake kira ƙa'idar digiri 180. Idan mutum biyu na magana, kamar an ja layi ne tsakaninsu, kyamara ta tsaya a gefe guda na layin. Da zarar ta tsallaka ba dalili, sai ka ga su biyun suna fuskantar wuri ɗaya kamar ba da juna suke magana ba. Mai kallo zai ji wani abu ya kauce amma ba zai iya faɗin mene ne ba. Kai ne za ka faɗa masa.

Amma inda na fi so ka tsaya shi ne inda ka fi kowa. Kai ɗan Daura ne. Ka ga hawan Sallah, ka ga Sallar Gani, ka san yadda ake faɗuwa gaisuwa a fada, ka san ba a shiga gaban sarki da takalmi, ka san inda dogari yake tsayawa da wanda yake amsa gaisuwa. Idan fim ya nuna masarauta ya sa talaka yana tsaye ƙerere yana yi wa sarki magana kamar sa'ansa, kuma labarin bai nuna rashin kunya yake nufi ba, kai kana da ido a kan wannan. Haka harshe. Sau nawa ake cewa wannan dattijo daga wani ƙauyen Katsina yake, amma in ya buɗe baki Hausar birnin Kano tsantsa ke fita? Wani lokacin kuma sai a ƙaƙaba masa "hwa" da "shina" a kowace jimla har ya koma abin dariya, alhali ba haka mutanen suke magana ba. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai, domin yaran da ke tasowa a birane daga fim suke ɗaukar hoton mutumin karkara. Mai sharhin da ke Legas ko Landan ba zai kama wannan kuskure ba, kai kuwa kunnenka a kai ya tashi.

Zagi yana farawa ne daga inda ka bar fim ka koma kan mutum. Ka ce jaruma ba ta shiga rawar bazawara ba, fuskarta ɗaya ce a wurin kuka da wurin murna, wannan aikinta ka taɓa. Ka kawo maganar aurenta, ko shekarunta, ko abin da aka ce an ce ta yi, ka fita daga sharhi ka shiga cin naman mutum, kuma ka san hukuncinsa a addini. Batun tarbiyya ma a yi shi da adalci. Ban ce ka rufe ido ba. Sai dai ka bambance fim da ya nuna mugun hali da fim da ya ƙawata shi. Labari ba ya tafiya sai da mugu, abin dubawa shi ne yadda fim ɗin ya ɗauke shi da inda ya kai shi. Hana fim fita kuwa ba hurumin mai sharhi ba ne, akwai hukumar tace finafinai ta ƙasa tun 1993, Kano ma ta kafa tata a 2001.

Masu cewa je ka yi naka, amsarsu gajeriya ce. Wanda ya kai wa tela shadda bai buƙatar iya ɗinki kafin ya ga hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Roger Ebert na Amurka ya yi sharhin fim a jaridar Chicago Sun-Times daga 1967 har ya rasu a 2013, shi ne mai sharhin fim na farko da ya samu kyautar Pulitzer, babbar lambar yabo ta aikin jarida a Amurka, a 1975, kuma da alƙalami ya same ta. A Faransa, matasan da suka riƙa rubutu a mujallar Cahiers du Cinéma, wadda aka kafa a 1951, irin su Truffaut da Godard, daga baya suka zama manyan daraktoci. Mu ma nan gida, sunan Kannywood ɗin kansa daga mujallar Tauraruwa ya fito a 1999, a hannun Sunusi Shehu, shekarar da Ibrahim Sheme ya fara fitar da mujallar Fim. Masu rubutu ne suka raɗa wa masana'antar suna. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Maki kuma ba haramun ba ne, amma kada ka dogara da shi. Dubi Rotten Tomatoes, shafin intanet da ke tattara sharhin finafinai: lambar da suke sawa kason masu sharhin da suka ce fim ya yi ne, daga kashi 60 cikin 100 zuwa sama ake ba shi alamar nunannen tumatir. Ke nan idan duk masu sharhi suka ce "ba laifi", fim zai iya samun 100 ba tare da ya burge kowa sosai ba. A IMDb kuwa, wani shafin intanet na bayanan finafinai, duk wanda ya yi rajista yana iya ba da 1 zuwa 10, don haka masoya da maƙiya kan yi dandazo su ɗaga fim ko su kayar da shi. Idan za ka ba da 7, ka sa ta a ƙarshen rubutu, bayan mai karatu ya ga abin da ya cinye sauran 3 ɗin. Kuma don Allah kada ka fasa ƙwai, idan dole ka taɓa ƙarshen labari ka yi gargaɗi tun daga sama.

Saura mai data. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da suka fitar da fim mara kyau, ko dai ka yi shiru ko ka yi ƙarya, kuma masu karatunka za su gane tun kafin kai ka gane. Na san data tana da tsada ga ɗalibi, ba na raina wannan. Idan suna son talla, ka karɓi kuɗinka, ka sa musu fosta ko tirela, ka rubuta a fili cewa talla ce, kuma kada ka yi sharhin wannan fim ɗin. Ka kira shi ka faɗa masa haka cikin ladabi, in ya amince shi ke nan, in bai amince ba ka gode masa.