Ta ina ake shiga fannin nukiliya?

Ƙanena, ka tambaya ko mai digirin fiziks a Kaduna zai iya zama malamin jami'a a fannin nukiliya da adana shararsa. Zai iya, ba sai ya yi nisa ba, domin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike mai suna NIRR-1, mai kimanin kilowat 30, wadda ta fara aiki a 2004.

A ganina, ka karkata ga shara, domin nan ne gizo ke saƙa: fulutoniyam-239, wani sinadari mai haɗari da ke cikin sharar, yakan ɗauki kusan shekara 24,000 kafin rabinsa ya rikiɗe zuwa wani sinadari, shi ya sa ƙasar Finlan ta haƙa wa irin wannan shara rumbu cikin dutse, zurfin fiye da mita 400. Sai ka nemi digiri na uku, ka riƙe ilimin duwatsu da kyau.