An buge min mota, in gyara ko in jira kamfanin inshora?

Malam sannu, Allah ya kiyaye gaba. Ka ce an buge maka baya a Kawo, bakanike na matsa maka a fara aiki, kamfanin inshora kuma shiru. Don Allah kar ka bari a kwance ko ƙusa ɗaya tukuna, in aka gyara kafin injiniyansu ya zo ya ga motar za su iya ƙin biya, su ce ba su ga ɓarnar ba.

Fara duba takardar inshorarka, in ta naira 15,000 ce, wato third party, motar wanda ka buga take gyarawa har naira miliyan 3, ba taka ba. Taka sai comprehensive, wato inshorar da ta haɗa har da gyaran motarka, ko inshorar wanda ya buge ka.

Ka kai wa kamfanin inshora hotunan bamba da fitilun da suka fashe, rahoton 'yan sanda, lasisinka da kiyasin kuɗin gyara a rubuce daga gareji. Amincewarsu ma a rubuce za ka karɓa, "je ka gyara" ta waya ba hujja ba ce. Ka tambayi nawa za ka cika daga aljihunka, kuma tsofaffin kayan da aka cire a ajiye su.

In suka ci gaba da ja maka rai, kai ƙorafi NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora a Najeriya.