Gashin hankaka ko roba?

Sani, jiya kana share benci ka tambaye ni: tunda robar Delrin ta fi ƙarko, ga ta kuma cike da akwati, me ya sa dattijon nan mai hafsikod (kayan kiɗa mai maɓallai, kama da fiyano) ƙirar Faransa ya kafe sai mun sa masa faratan fizgar tsirkiya na gashin hankaka? Aska na hannuna a lokacin, shi ya sa ban tanka ba.

Ka tuna yadda abin yake aiki. A fiyano guduma ce ke bugun tsirkiya, in ka danna da ƙarfi ta yi ƙara, in ka lallaɓa ta yi taushi. Dalilin da ya sa maƙeri Kiristofori ya ƙirƙiro fiyano ke nan a Fulorans ta Italiya wajen 1700. Hafsikod kuwa, kana danna maɓalli ɗan tsalle, wato siririn katakon da ke tsaye a kan ƙarshen maɓallin, ya tashi, farcen da ke cikin harshensa ya fizgi tsirkiya ya sake ta, kamar mai garaya. Ko makaɗi ya danna da ƙarfin tsiya, murya ba ta ƙaruwa sosai. Kenan ƙarfin murya da zaƙinta a bencin nan ake yanke su, da askarka, tun makaɗi bai zauna ba.

Shi ya sa masu abin ba sa wasa da maganar farce. Gashin fiffike yana da fata mai tauri a waje, ga laushi a ciki, sai ya lanƙwashe a hankali kafin ya saki tsirkiya, yatsa na jin lokacin da zai saki. In ya tsufa sai muryarsa ta fara dushewa, ya ba ka sanarwa. Delrin kuwa tana ƙara tauri da kaɗawa, muryarta na ƙara tsini, wata rana ana tsakiyar kiɗa ta karye ba sallama. Amma gashi sai an riƙa shafa masa ɗan mai, asu na cinsa, kuma a kayan da ke da maɓalli 61 da jerin tsirkiya uku, farata 183 ke nan kake kiwo. Wanda ke kai kayansa haya zauren kiɗa duk mako, ni da kaina roba nake ba shi shawara.

Shi dattijon ba haya yake yi ba. Irin mutanen nan ne da suka shigo ta ƙofar Wolfgang Zuckermann, wanda a 1960 ya fara sayar da hafsikod a wargaje daga Niyok, mutum ya haɗa abinsa a gida. Dubbai suka saya. Wanda ya haɗa da hannunsa ba ya tsoron sauya farce, ka ga ma da ambulan ɗin gashinsa ya zo, wanda ya tsinto da kansa. Su ne za su kwana suna musu a kan na hankaka ko na ungulu ya fi, ko a ɗaure tsirkiya a ma'aunin tsinin murya na 415 ko na 440. Kada ka yi musu dariya. Kayan da kamfanin Pleyel ya riƙa ƙera wa makaɗiyar hafsikod Wanda Landowska firam ɗin ƙarfe gare shi da faratan fata, kusan fiyano ne ya yi shigar burtu. Sai da Frank Hubbard da William Dowd suka buɗe shago a Boston a 1949, suna bin gidajen tarihi suna auna kayan maƙeran dā, na gidan Ruckers na Antwaf da na Pascal Taskin na Faris, sannan sana'ar ta koma kan tsohon gwadabe. Masu kafiya irin ta dattijon nan ne suka saya, har muka sami abin yi.

Amma kada ka ɗauka gashi kaɗai ke gyara murya. Ina yaro an ba ni jeri guda in fiƙe, na ga kamar alƙalamin kara ne, na yi ta kankara har suka yi sirara. Maigidana ya danna maɓalli uku, bai ce uffan ba, ya miƙo min sabon damin gashi. Kwana huɗu na sake yi.

Gobe ka fara da jerin baya. Ka zaɓi gashi mai kauri don manyan tsirkiyu, bayan gashin ya kalli sama, ka kankara ta ƙasa kawai. Bakin ka yanke shi a karkace, in ba haka ba ɗan tsalle zai maƙale a kan tsirkiya wajen dawowa. Kada ya wuce tsirkiya sai ɗan ƙiris. Duk biyar da ka gama, ka rufe ido ka danna su a jere. Wanda ya ɗaga murya sama da 'yan'uwansa, ka koma masa. Ka kira ni in ka kai goma.