Hukuncin tura saƙon murya na siyasa mai taɓa mutuncin ɗan takara

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Garwa ta ƙasar Kamaru, ni ke kula da zauren WhatsApp na 'yan layinmu. Tun zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Oktoba 2025 zauren ya cika da saƙonnin murya: wannan ɓarawo ne, wancan munafuki ne, wane ya sayar da Arewa. Akwai mai ba ni sefa 5,000 in tura irin waɗannan zuwa wasu zaurukan. Ba ni na faɗa ba, turawa kawai nake yi. Ina da laifi? Kuɗin fa?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, mai turawa mai faɗa ne. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Aya ta 6 a Suratul Hujurat kuwa ta umarce mu da bincike idan fasiƙi ya zo da labari, kuma muryar da ba ka san mai ita ba, ita ta fi buƙatar binciken.

Sai dai ba kowace irin suka ba ce haramun, nan mutane ke cakuɗa abu biyu. Faɗin cewa gwamna ko magajin gari ko ɗan majalisa ya yi alkawarin hanya bai yi ba, ko asibiti babu magani, ko kuɗin aiki sun fita aikin bai fito ba, halal ne, wani lokaci ma wajibi. Suratun Nisa'i aya ta 148 ta bai wa wanda aka zalunta damar ɗaga murya. Imam Nawawi ya lissafa wurare 6 da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, daga ciki akwai gargaɗin jama'a game da mai riƙe da amanar da ba ya sauke ta. Da Faɗimatu 'yar Ƙais ta nemi shawara kan masu neman aurenta, Annabi (SAW) ya faɗa mata aibin kowannensu kai tsaye. Mai neman ƙuri'arka ma neman amana yake. Sharaɗi dai abin ya tabbata, ya shafi aikin da aka ɗora masa, kuma a tsaya daidai gwargwadonsa. Idan kana da shaidar ya karkatar da kuɗin rijiya ɗaya, rijiyar za ka ambata, kada ka ce ya cinye jihar.

Abin da ya wuce nan haramun ne ko da kana ganin mutumin azzalumi ne. Zagin Musulmi fasiƙanci ne a hadisin Ibn Mas'ud, kuma wanda ba Musulmi ba shi ma ba a yi masa ƙage. Kafirta wani saboda yana jam'iyyar RDPC ko FSNC ko UNDP ya fi muni, domin kalmar tana komawa kan mai faɗa idan wancan ba haka yake ba. Jifan ɗan takara ko matarsa ko uwarsa da zina ƙazafi ne, wanda Suratun Nur ta yanke masa bulala 80.

Wanda na fi jin tsoro a yankinmu shi ne saƙon da ke barin mutum ya kama ƙabilarsa. Lokacin da wani ya kira Muhajirai wani ya kira Ansar a kan faɗan mutum biyu, Annabi (SAW) ya ce a bar wannan kira, mai wari ne. Rikicin Larabawan Shuwa da Musgum a Logone-Birni da ke arewacin Kamaru a 2021 daga taƙaddamar ruwa tsakanin makiyaya da masunta ya faro, ya kai dubban mutane gudu zuwa Chadi. Wurin da ya ga haka ba a wasa da sunan ƙabila a cikinsa. Doka ma ta tanadi hukunci: gyaran da aka yi wa kundin laifuka na Kamaru a Disambar 2019 ya sa ɗaurin shekara 1 zuwa 2 da tarar sefa 300,000 zuwa miliyan 3 kan kalaman ƙiyayyar ƙabila.

Kuɗin kuwa hukuncinsa na bin aikin. Lada kan yaɗa manufar jam'iyya ko sanarwar taro halal ne. Lada kan yaɗa zagi da ƙage haramun ne. Wanda ka riga ka karɓa ka fitar da shi ga mabuƙata, kada ka mayar wa mai ba ka, don wani zai biya da shi ya yi masa irin wannan aikin.

A matsayinka na mai kula da zaure nauyinka ya fi na sauran, tunda kana da ikon gogewa. Ka rubuta ƙa'ida a saman zauren. Duk saƙon zargi ka tambayi mai shi wa ya faɗa, yaushe, a ina, domin sau da yawa tsohon bidiyo ne na wata ƙasa ko jawabin da aka yanke rabinsa. In ya kasa amsawa ka goge, ka yi masa magana a keɓe, in ya maimaita ka cire shi. Abin da ka riga ka tura, istigfari kaɗai bai wadatar ba, domin haƙƙin ɗan Adam ne: ka koma kowane zauren da ka jefa shi ka ce ba ka tabbatar da shi ba, ka janye, kuma da murya za ka yi tunda da murya ya tafi, saboda da yawa cikin masu sauraro ba sa karanta rubutu. Wallahu a'alam.