Tambaya da Amsa: Mene ne "ɗan gaba da Fatiha"?

Tambaya: Assalamu alaikum. A watan jiya na je sunan ɗan ƙanwar mijina, wadda ta haihu wata bakwai bayan an kai ta ɗakinta. Muna zaune a tsakar gida sai na ji wata tsohuwa tana raɗa wa ta kusa da ita cewa yaron "ɗan gaba da Fatiha" ne. Ban taɓa jin wannan magana ba sai ranar. Ina roƙon a bayyana mini ma'anarta, kuma shin ta fi kalmar "shege" sauƙi ne? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Maganar ta samo asali ne daga wurin ɗaurin aure, inda bayan waliyyai sun nema an ba su, an ambaci sadaki a gaban shaidu, sai liman ya yi addu'a a shafa Fatiha. Shi ya sa idan aka ce "an shafa Fatiha" kowa ya san aure ya ɗauru. Ɗan gaba da Fatiha kuwa shi ne wanda ake zargin cikinsa ya riga ɗaurin auren shiga. Sakaya zance ce irin ta mutanen da, waɗanda ba sa son furta kalma mai nauyi a cikin taro, amma a kunne kawai ta fi sauƙi, domin tuhumar da ke cikinta ita ce dai ta "shege".

Ita kalmar "shege" ta yi yawo har ta canza kama a bakin mutane. A tasha da kasuwa za ki ji ana cewa wane yana da shegen wayo, ko a yaba wa ɗan ƙwallo da ita, babu mai tunanin iyayen kowa. Kishiyarta ma haka take, domin idan ana maganar mutum ya shigo sai a ce "ɗan halak ya ƙi ambato" cikin raha. Sai dai duk ranar da aka ɗora ta a kan wani yaro da nufin asalinsa, dafinta yana nan yadda yake tun da, kuma yakan bi shi har lokacin da zai nemi aure.

Abin da ya fi damuna a labarinki shi ne lissafin tsohuwar, domin kuskure ne ko a ma'aunin addinin da take jin tana karewa. Malaman fiƙihu sun tsayar da cewa mafi ƙarancin muddar ciki wata 6 ce, kuma sun ciro wannan ne ta hanyar haɗa ayoyi biyu: aya ta 15 a Suratul Ahƙaf ta ce ɗaukar ciki da yaye wata 30 ne, aya ta 233 a Suratul Baƙara kuma ta ce cikakkiyar shayarwa shekara biyu ce, wato wata 24, abin da ya rage ke nan wata 6. Saboda haka yaron da aka haifa wata bakwai bayan tarewa ɗan mai gidan ne, zai ɗauki sunansa kuma zai gaje shi. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta ma faɗaɗa a ɗaya ɓangaren, inda ta yarda ciki yana iya kwantawa har shekara biyar, kuma wannan na cikin hujjojin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina ta dogara da su a 2003 lokacin da ta wanke Amina Lawal, bazawarar da aka yanke wa hukuncin jefewa bisa zargin zina saboda ta haihu bayan aurenta ya mutu. Wanda kuwa ya jefi mace kamila da wannan zargi bai kawo shaidu huɗu ba, aya ta 4 a Suratun Nur ta yanke masa bulala 80, ta kuma hana karɓar shaidarsa.

Ko da a ce an tabbatar ba a cikin aure aka sami yaro ba, mafi yawan malamai sun ce ana danganta shi ga mahaifiyarsa ne, yana gadonta tana gadonsa, kuma laifin iyaye bai hau kansa ba. Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ma, a sashe na 42(2), ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa kawai.

Hausa tana da sunan da ta tanadar wa jaririn da ya zo a wata bakwai, wato bakwaini, kuma babu shakka tsohuwar ta san shi fiye da ni da ke. Tun da ke suruka ce a gidan, ban ga dacewar ki tunkare ta da kanki ba, kada kuma ki bari maganar ta kai kunnen mai jego. Ki sami wata babba a dangin mijinki wadda tsohuwar take jin nauyinta, ki faɗa mata abin da kika ji a keɓe, ita ta san yadda za ta ja mata kunne.