Tambaya da Amsa: Waƙoƙina Sun Kai Arba'in, Babu Wadda Na Kammala

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Ni matashi ne a Pantami, nan Gombe. Ina rera waƙa, ina kuma haɗa kiɗa da manhajar FL Studio a wata tsohuwar kwamfuta. Waƙoƙin da na fara ban gama ba sun kai arba'in, wasu amshi kawai, wasu baiti biyu da kiɗa, duk a warwatse cikin waya biyu da memori da WhatsApp. Watan jiya waya ɗaya ta faɗa bokitin ruwa, ta tafi da guda bakwai. Ga kuma kaset-kaset na mahaifina, na Shata da Ɗan Maraya da wasu, da nake so in mayar cikin kwamfuta. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya mayar maka da mafi alheri. Arba'in ɗin nan kada su ba ka kunya, duk mai haɗa waƙa haka rumbunsa yake. Abin da ya dame ni shi ne rumbun naka ba shi da rufi.

Ka ware dare ɗaya ka kwaso komai, har da gunaguninka na cikin Keke Napep da ka ɗauka a waya, ka zuba a kwamfutar. Kowace waƙa da jakarta. Sai suna. Na taɓa leƙa kwamfutar wani yaro a situdiyo, na ga "sabo", "sabo na gaske", "na ƙarshe", sannan "na ƙarshe wallahi". Da na tambaye shi wanne ne na ƙarshen, sai da muka saurari huɗun duka, muka tashi ba mu sani ba. Fara da shekara, wata, rana, sannan sunan waƙa da matakin da take: 2024-03-11 Damina amshi. Kwamfuta da kanta za ta jera maka su bi da bi.

Yanzu ga inda yawancinku kuke faɗawa rami. Fayil ɗin da FL Studio ke ajiyewa, mai ƙarewa da flp, galibi bayani ne kawai na inda kowane sauti yake. Muryarka da kalangun da ka ɗauka suna wani wuri daban. Ka kwafe fayil ɗin flp kaɗai zuwa wata kwamfuta, ka buɗe, ka ji shiru. Don haka duk ranar da ka yi aiki mai kyau, ka fitar da aikin a dunƙule cikin zip, wanda yake tattaro sautukan gaba ɗaya. In waƙa ta yi nisa, ka fitar da kowane layi daban a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba: murya daban, 'yan amshi daban, ganga daban. Ko bayan shekara goma wani mai haɗa sauti zai iya ɗorawa.

Me ya sa WAV? Minti ɗaya nasa yana cin kusan megabait 10, na MP3 irin wanda masu tura waƙa ke zuba wa mutane a kasuwa kuwa kusan 1. Wannan rangwamen ba kyauta ba ne, an yanke wani abu daga sautin an zubar. MP3 kilishi ne: yana da daɗi, yana da sauƙin ɗauka, amma ba ya komawa ɗanyen nama. Ka ba jama'a kilishi, ka riƙe naman. Saƙon murya na WhatsApp ma matsattse ne tun daga ɗauka, saboda haka in baiti ya zo maka a hanya, buɗe manhajar ɗaukar murya ta wayar.

Ajiya kuma wuri uku: kwamfutarka, hadis na waje (faifan ajiya da ake jonawa a kwamfuta) da za ka bari a gidan wani ɗan'uwa, da intanet. Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta, wanda zai ɗauki waƙa kusan 300 masu minti biyar a WAV, ko da yake layi-layin nan suna cika shi da wuri. Memori kuwa ban yarda da shi ba. Na taɓa sayen wani mai rubutun gigabait 64 da arha a hannun wani mai tebur, na zuba aikin wata uku, sunaye duk suna nan reras, amma rabinsu in ka taɓa ba sa buɗewa. Ashe cikinsa bai kai abin da aka rubuta ba. Tun ranar, sabon memori sai na cika shi da tarkace na sake buɗe su kafin in ba shi amana.

Kwanan watan nan yana da wani amfanin. A dokar haƙƙin mallaka ta 2022, waƙarka taka ce da zarar ka rubuta ko ka naɗe ta, ba sai ka yi rajista ba, duk da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya na karɓar rajista ga mai so. Ranar gardama, tsohon fayil mai kwanan wata shaida ne. Amma dai ka daina jefa waƙar da ba ta nuna ba a guruf ɗin abokai.

Kaset ɗin Baba: nemo rediyo mai kaset da ke da wurin sa abin kunne, ka goge kan da ke karanta zaren kaset da auduga da ɗan sifirit, ka haɗa kebul daga wurin abin kunnen zuwa kwamfuta, ka ɗauka da manhajar Audacity, kyauta ce. Wanda zarensa ya saki ka naɗe shi da biro tukuna. Ka ɗauki hoton kwalin. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, kuma haƙƙin waƙa yana nan shekara 70 bayan rasuwar mai ita, to na sauraronka ne, ba na sayarwa ba. Ni da zan zaɓa ma, ba da su zan fara ba, don nasu ana samu. Duba waɗanda aka rubuta wa suna da biro, na biki ko na wani makaɗin Dukku ko Kaltungo da aka ɗauka a tsakar gida. Mai yiwuwa wannan kaset ɗin kaɗai ya rage, ga zafin Gombe yana cinsa a saman kwaba.

Bakwai ɗin da ruwa ya ci kuwa, tun karinsu bai gudu daga kanka ba, yau bayan isha'i ka shiga ɗaki ka rera abin da ka tuna a wayar da ta rage, ko da rabin amshi ne, ka sa masa kwanan wata.